Damin Makaɗi

Tun ranar da na sa ƙafa a lakol, wato makarantar boko, mahaifina ya laƙaba mini "Mushe", wato yadda ake kiran mai ilimin boko da Faransanci, kuma kada wani ya ɗauka girmamawa ce. Yadda yake jan kalmar yana kallon gefe, ko kurma ya ga fuskarsa ya san zolaya ce. Ni ne ɗansa na fari, ni kaɗai ne namiji, sauran duk mata. Shi kuwa makaɗin noma ne, haka ubansa, haka kakansa, a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji. Da aka ce kowane gari ya ba da yara a kai lakol, mai gari ya duba ya duba bai ga wanda zai ɗauka ba tare da rigima ba sai ɗan makaɗi. Haka aka tafi da ni a shekarun da ya kamata a ce an fara rataya mini 'yar ganga. Na yi karatu, na zama sakatare, ina sa riga ciki da takalmi rufaffe. Amma abu guda nake so a duniya, kuma zan faɗe shi ba kunya: tsohon nan ya dube ni sau ɗaya ya ce ni ma makaɗi ne.

Shekarar da sojoji suka riƙe mulkin wucin gadi suna alkawarin zaɓe, ina aiki a meri ta Cadawa, wato ofishin magajin gari. Kansiloli sun koma gida, aikin da ya rage a burona, ofishina ke nan, shi ne buga sunayen masu jefa ƙuri'a, kuma saboda shi aka ba ni ordinatar ta hannu, wato kwamfuta mai buɗewa kamar littafi. Daga safe zuwa azahar sunaye ne, ƙauye bayan ƙauye. Bayan la'asar kuwa ba mai nemana. A lokacin ne wani abokina mai aiki a gidan rediyon Agiye ya zuba mini wata manhajar haɗa kiɗa, ya ce in gwada ko zan yi musu abin da za su riƙa sawa kafin shirin wayar da kai kan zaɓe.

Abin da na tarar a ciki ya kusa zautar da ni. Wasu mutane can ƙasar Turawa sun tara masu goge irin nasu, ɗaki guda cike, aka ce su ja murya ɗaya, aka ɗauka, su ja ta gaba, aka ɗauka, har suka ƙare. Haka aka yi wa masu busa ƙahonin tagulla da masu manyan tambura. Kai naka kawai ka jera muryoyin a kan allo mai layi-layi irin na littafin lissafi, ka danna, sai ka ji rundunar makaɗa ta tashi a cikin ɗakinka. Ni kuwa tun ina koleji ba abin da ke tayar mini da tsigar jiki irin kiɗan da ake sawa a fim idan mayaƙa sun hau tudu. To ga shi yau a hannuna. Na yi wa rediyo nasu, suka sa, na ci gaba da nawa.

Ranar Asabar in zan je gida, dole ta Maradi zan bi. Sai in sauka daga taksin Cadawa, in shiga siber, shagon da ake hayar intanet, in ɗora abin da na haɗa a wani dandalin intanet inda masu irin wannan haukan ke taruwa. Kiɗan minti uku sai ya ci awa biyu kafin ya hau, in kuran, wato lantarki, ya ɗauke a sake daga farko. Ina zaune ina cin aya ina kallon layin yana rarrafe. Amma da ya hau, sati mai zuwa sai in tarar mutanen da ban san ko launin fatarsu ba sun rubuto da Faransanci suna yabo. Wallahi kaina ya yi girma, har tafiyata ta canza.

A gida kuwa ganga ta yi shiru damina biyu. Hawan jini ya shanye wa Baba ɓarin dama, hannun sandar kiɗa ke nan. Gangar na rataye a ɗakinsa, Inna ta lulluɓe ta da tsohon zane. Wanda abin ya fi ci bayan shi, amininsa ne, Sarkin Noman garinmu. Tun suna samari Baba ya yi masa takensa, wato kiɗan da ke nasa shi kaɗai, wanda da ya ji shi a gona zai jefar da hula ya yi kirari. Akwai makaɗa a ƙauyukan kusa, amma ya rantse ba zai kira wani ba muddin amininsa na numfashi. Gayyarsa biyu aka yi ba ganga, samari na noma suna sauraren waƙoƙin salula. Bana kuma ya ce wannan ce gayyarsa ta ƙarshe, gwiwa ta ƙi, zai raba gonar ga 'ya'yansa.

Ina cikin taksi tsakanin Maradi da Gidan Rumji dabara ta zo mini. In Turawa sun ɗauki muryar goge ɗaya-ɗaya, me zai hana in ɗauki gangar Baba bugu-bugu? Hannun hagu na nan lafiya. Ba zai iya jera kiɗa ba, amma zai iya bugu guda.

Na aro makirfo, na'urar ɗaukar murya, wajen abokina na zo da ita. Baba ya ce shi ba za a yi wasan yara da gangar ubansa ba. Inna ce ta shiga tsakani, ta ce kullum yana zaune yana kallon gangar kamar mai zaman makoki, yau an zo za ta yi magana kuma ya hana. Ya yi tsaki, ya ce a sauko da ita. Wuni guda muka yi. Ya bugi tsakiya da sanda, na ɗauka. Ya bugi baki, na ɗauka. Ya taɓa da yatsu, ya danne fata da tafin hannu, ya saki tsirkiyar da ke kan fatar ta yi zara, duk na ɗauka. Ya ƙi yarda da bugun da bai yi masa ba, sai ya sake har sau goma. Daga ƙarshe ya faɗa mini taken Sarkin Noma da baki, yadda makaɗa ke koya wa 'ya'yansu, na ɗauki wannan ma. Ban taɓa zama kusa da shi tsawon haka ba tun ina yaro.

Sati biyu na yi a Cadawa ina gini. Na jera bugun Baba bisa yadda ya faɗa, na sa goge su taso a hankali daga ƙasa, ƙahoni su shigo a tsakiya, tambura su rufe. A manhajar akwai wani maɓalli da in ka danna zai jawo kowane bugu ya ɗora shi daidai kan layi, ba gaba ba baya. Na ga bugun da na jera bisa bakin Baba wasu sun ɗan makara, wasu sun ɗan yi sauri. Na ce a raina tsufa ne da ciwo, bari in gyara masa. Na danna. Komai ya miƙe sambal.

Na ɗora a siber, na dawo bayan sati na tarar da yabo fiye da kullum. Wani ya ce bai taɓa jin ganga irin wannan ba, wata ta ce ta saurara sau biyar. Da wannan na iso gida, na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi bayan la'asar, na kira Inna da ƙannena, na kunna. Cikakken kiɗan gangar Baba ya tashi a gidan karo na farko cikin shekara biyu. Inna ta rufe baki da gefen zane. Ni ko ina satar kallon tsohon.

Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Sannan ya ce, "Gangata ce, na ji ta. Amma wanda ya yi wanga kiɗi bai taɓa duƙawa ba."

Na tambaye shi ina kuskuren, ko akwai bugun da na tsallake. Ya ce babu, duk suna nan, kowane na tsaye kamar soja. Ya ce in aka sa wa manoma wannan, kafin hantsi rabinsu sun zube. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗaga murya a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa mutane a ƙasashe daban-daban sun ji sun yaba, mutanen da suka yi karatun kiɗa.

"Suna da gona, Mushe?" in ji shi.

Ƙannena suka tuntsire da dariya. Na rufe ordinatar na shige ɗaki. Ni mutum ne mai zuciya, ban musa ba, kuma zuciyar ce ta kai ni ga abin da na yi, ba hankali ba. Na koma Cadawa na nemi konje, hutun sati uku, na dawo na ɗauki hauya, don kawai in ƙaryata shi. Mazan ƙannena ne ke nome gonarmu tun da ya kwanta. Da suka gan ni da hauya da takalmin buro suka ce a kira mai hoto.

Kwana biyun farko ban koyi komai ba sai ciwon baya. Hannuna ya yi bororo ya fashe. Kullum ni ne a baya, suna kai ƙarshen kunya su tsaya suna jirana suna hira, abin da ya fi bororon zafi. A rana ta uku ko ta huɗu, gajiya ta kashe mini tunani, sai na fara jin jikina. Mutum na sara sau uku, a na huɗu sai bayansa ya ɗan ɗago ya ja numfashi, ko ya so ko bai so ba. Saran safe daban, na hantsi daban. A jigawa hauya na shiga da sauri, a wuri mai tauri sai ta ɗan tsaya. In an hango ƙarshen kunya kowa na ƙara sauri ba tare da ya sani ba. Na tsaya tsakiyar hatsi na tuna bugun nan da na ga sun makara na jawo su kan layi. Ashe wurin numfashin mutane ne na toshe. Kunya ta kama ni, ni kaɗai a tsaye ba wanda ya ce mini komai.

Da na dawo gida ran nan na zauna kusa da Baba. Ya kama hannuna da na hagunsa, ya juya shi, ya dubi tafin, ya ce wa Inna ta kawo man kaɗe. Yana shafa mini yana magana, kamar da hannun yake yi. Ya ce makaɗin noma ba gwanin gaba yake kallo ba, gwani ko ba ganga zai yi noma. Wanda ke baya ake kallo. Ka riƙe masa bugu kaɗan har ya cim ma layi, ba tare da kowa ya gane don shi ka yi ba, sannan ka ja su gaba ɗaya a hankali. Ya ce shekara arba'in yana yin haka, ba manomin da ya taɓa jin kunya a gayyar da ya kaɗa.

Nan na gane ba gyara kiɗana ke bukata ba. Duk abin da aka haɗa aka rufe, komai kyansa, ba shi da ido. Sai na wargaza shi. Na ɗora kowane bugun Baba a kan harafi guda na ordinatar: tsakiya nan, baki nan, yatsu nan, tsirkiya nan. Goge da ƙahoni na mayar da su layin sama, inda ɗan yatsa zai kai in ana bukata. Kwana goma da suka rage kafin gayyar Sarkin Noma, da safe gona, da yamma tabarma. Yana faɗa da baki ina dannawa. Ya zagi yatsuna iya zagi, ya ce yatsun biro ne, ya ce ko akuya ta taka abin nan za ta fi ni. Amma kullum da la'asar shi ke fara aikawa a kira ni.

Ranar gayya ta maimai muka ɗora kaya a amalanken jaki: batirin mota, da lasifikar abokina, irin wadda 'yan siyasa suka yi ta haya daga baya. Aka ɗauko Baba aka zaunar kusa da ni, mijin ƙanwata ya ja jaki. Mutane sun fi hamsin a gonar, da suka ga makaɗi da akwatin buro a cinya sai dariya. Wani ya ce ko sunayen zaɓe za a kira. Rana ta haske allon ba na ganin komai, sai na daina dubawa. Baba ya ɗora hannun hagunsa a gwiwata yana taɓawa, ni ina bi.

Kunyar farko na yi sauri, ya matse mini gwiwa har na ji zafi. Ta biyu ta ɗan daidaita. A ta uku ya ce in saki taken. Na saki. Sarkin Noma na can gefe a tsaye da sanda, ba a sa ran zai yi noma ba. Na ga ya daskare. Sai ya yar da sandar, ya cire hula ya jefar, ya ƙwace hauya a hannun ɗansa, ya kurma ihu ya shiga kirari, yana kiran gonakin da ya nome da damman da ya ɗaure. Mata masu kawo fura suka rangaɗa guɗa. A daidai nan na kai ɗan yatsa layin sama na saki ƙahonin nan na tagulla a kan gangar ubana, a tsakiyar hatsin Gobir. Har yau in na tuna sai gashin jikina ya tashi. Layin manoma ya duƙa gaba ɗaya, ƙura ta tashi.

Da hantsi ya yi sai na lura da mutum guda a ƙarshen layi. Wani Bafulatani ne da fari ya cinye masa shanu bara, bana ya fara riƙe hauya. Yana baya da taku uku, yana satar kallon na kusa da shi. Na san wannan kallon, sati biyu da suka wuce ni ke yin sa. Na riƙe bugu na huɗu kaɗan. Na sake riƙewa. Na sa goge suka ja dogo don kada a ji giɓin. Taku uku ya koma biyu, ya koma ɗaya, ya shiga layi, sannan na fara jan su. Sai da suka kai ƙarshen kunya na duba gwiwata. Hannun Baba ba ya nan. Yana kan cinyarsa a kwance, ban san tun yaushe ba. Shi kuma yana kallon gona har aka tashi.

Na ɗauki kiɗan ranar duka, na yanko minti shida na ɗora a siber yadda yake, da ihun Sarkin Noma da kukan jaki a ciki. Yabo ya ragu. Wani ma, da alama masani ne, ya rubuto cikin ladabi cewa muryoyin na da kyau amma gangar na tangaɗi, ba ta kan layi, har ya kwatanta mini maɓallin da zan danna. Na yi dariya har mai siber ya leƙo. Na rubuta masa cewa na san maɓallin, na gode, in ya samu dama ya zo da damina akwai hauya. Na bar shi a dandalin, ban taɓa ko bugu ɗaya ba.

Amma Baba bai ce komai ba. Sati ya wuce, wata ya wuce, ina zuwa ina komawa, Mushe dai Mushe. Na fara cewa a raina to shi ke nan, abin da zan samu ke nan, hannun da ya ɗauke daga gwiwata.

A al'adarmu ba a sallamar makaɗin noma ranar gayya. Sai kaka ta yi, mai gona ya zaɓi damin da ya fi kowane, ya kawo da kansa ya ajiye a gaban makaɗinsa. An girbe hatsi a satin da ake shirin ƙuri'ar sabon kundin mulki, na zo gida da rigar buro ban ko canza ba, sai ga Sarkin Noma da amalanke. 'Ya'yansa suka sauko da dami, zangarniya dogaye, ɗaurin mutum biyu. Ya sa aka ajiye shi a gaban Baba a ƙofar gida, inda ya saba ajiyewa shekara arba'in, ya zauna suka gaisa. Maƙwabta sun taru kamar yadda aka saba. Ni ina can gefe a tsaye.

Baba ya dubi damin, ya taɓa zangarniya ɗaya da hannun hagu. Sannan ya ce wa amininsa, "Kun ɓata wuri. Ba ni na kaɗa ba." Ya nuna ni da haɓa. "Ku kai ma makaɗin, ga shi can."

Suka ɗago damin za su kawo, na ce su ɗora mini a ka. Daga ƙofar gidanmu zuwa rumbu taku ashirin ne. Ni kuwa na bi ta gaban masallaci, na zaga ta bakin rijiya, na wuce ta ƙofar mai gari a hankali na gaishe shi, ƙaiƙayi na zuba cikin wuyan rigata, sannan na dawo gida.